Filash Ya Tashi, Muryar Innarmu Ta Tafi

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Yau kwana goma sha ɗaya ban ɗaga wayar ƙanena ba, alhali cikinmu ɗaya, kuma ni na goye shi.

Innarmu ta rasu shekara biyu da suka wuce. A ɗakina ta yi jinyarta ta ƙarshe. In na dawo aiki na ba ta magani, sai in ajiye waya gefen filo in kunna rikoda, ita kuma ta yi ta zuba: yadda suka haɗu da Babanmu, sunayen kakanni, waƙar da take yi wa jikoki, har faɗan da take yi min wai ban iya ninke zani ba. Sau arba'in da uku na ɗauke ta. Da wayar ta cika na kwashe su na zuba a wani ɗan baƙin filash, irin ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, wayar kuma daga baya ta faɗa bokitin wanki. Na sani, Anti, na sani, wuri biyu ya kamata in ajiye. Kowa ya gaya min, har waɗanda ba su san inda ake soka filash ba.

Wata biyar da suka wuce na soka shi a kwamfutar ofis, 'yar fitilarsa ta ƙifta sau ɗaya, shi ke nan. Nan take na nufi shagon Auta, wato ƙanen nawa. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa, kuma ba don ƙanena ba ne, hannunsa na da kyau. Na gaya masa dalla-dalla cewa muryar Inna ce a ciki, kuma babu ita a ko'ina sai nan. Ya jefa shi a aljihun riga, ya ce in kwantar da hankalina.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, a saman teburinsa, kusa da fanka, akwai takardar da ya rubuta da hannunsa ya manna. Ta ce duk filash ɗin da ya mutu, in aka sake zuba masa manhajar da ke sarrafa shi zai iya tashi, amma abin da ke ciki ya tafi, don haka ba ya taɓawa sai mai shi ya amince. Da idona na ga ya sa wani dattijo ya maimaita amincewarsa har sau uku. Baƙo a tambaye shi sau uku, ni ko sau ɗaya?

Wata huɗu da ɗoriya yana ja na. Yau wai yana jiran wata na'ura, gobe wai aiki ya yi masa yawa. Ni kuma, sakarya, har abinci nake aika masa don ya ji ƙarfin aiki. Ran nan na biya shagon ba tare da na kira ba, na tarar ya fita. Maƙwabcinsa mai gyaran waya, wanda bakinsa ba ya shiru, ya hau taya ni murna. Wai ai Auta ya nuna gwaninta a filash ɗina, ya ɓare bayansa, ya karanta lambar ɗan guntun da ke ciki da gilashin ƙara girma, ya nemo manhajar da ta dace ya zuba, abu ya tashi kamar sabo. Tun makon farko! Na ja durowar teburin Auta, ga filash ɗin nan a ƙarƙashin tarkacen wayoyi. Na sa mutumin ya soka min a kwamfuta. Ya buɗe lafiya lau, amma ciki wayam.

Da Auta ya dawo bai yi musu ba. Ya ce kwana uku ya yi yana fama, ya kasa kallon idona ya ce ya gaza, sai ya ga wani zaɓi a manhajar da ya zaci zai bar abin da ke ciki, ya danna. Ko minti biyu ba a yi ba. Ya durƙusa a gaban mutane yana kuka, ni kuwa ko ɗigon hawaye ban yi ba, na ɗauki jakata na fita. Wallahi ba gogewar ce ta fi ƙona ni ba, ƙaryar ce.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Auta da Inna ba su rabu lafiya ba. Ya bar karatu ya kama wannan sana'a, ta yi fushi, ya mayar mata da magana, ya tattara ya bar gari. Da jikinta ya tsananta na kira shi ya fi sau goma, bai iso ba sai washegarin da aka kai ta makwancinta. Bayan haka ne ya dawo gari ya buɗe shagon. Rikodin na ƙarshe, minti huɗu, nasa ne. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta sa wa sana'ar tasa albarka, ta ce in ba shi ya ji. Ban ba shi ba. Haushinsa nake ji, kullum sai in ce sai na huce. Har yau yana zaton da fushinsa ta tafi.

Yanzu zuciyata na ce min in je in gaya masa abin da ya goge da hannunsa, ya ɗanɗana abin da nake ji. Wani lokaci kuma ta ce in yi shiru har abada. Anti, wanne zan yi?

Babbar Yaya

*

Babbar Yaya, Allah ya jiƙan Inna, ya ba ki ladan jinya. Ɓacin ranki yana kan hanya. Auta ya san dokar sana'arsa, shi ya rubuta ta, ya tsallake ta a kan abin da ya fi kowanne tsada, sannan ya bar ki kina jira wata da watanni. Wannan cin amana ne, kada kowa ya rage masa suna.

Mu fara da filash ɗin. Na tambayi wani da ya daɗe a harkar, ya ce kada a ƙara soka shi ko a zuba masa komai. Ki kai shi wurin masu ceto bayanai, ba masu gyara ba, amma kada ki ɗora rai, domin bayan irin wannan aikin da wuya a sami wani abu. Ki duba ko tsohuwar wayar tana da katin ajiya, ki kuma tambayi dangi ko kin taɓa tura wa wani ko da guda ɗaya.

Yanzu ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Auta ya ɓoye miki gaskiya wata huɗu saboda tsoro da girman kai. Ke kin riƙe masa saƙon mahaifiyarsa shekara biyu saboda haushi. Ban ce nasa ya wanku da naki ba, amma saƙon nan amana ce aka ba ki, ba mallakarki ba. Da ya san akwai saƙonsa a ciki, anya da hannunsa ya yi saurin dannawa?

Don haka duka biyun da zuciyarki ta kawo miki ban yarda da su ba. Shiru zalunci ne, faɗa masa don ki soke shi kuma mayar da albarkar uwa bulala ne. Yau ɗin nan ki zauna ki rubuta duk abin da kike tunawa na minti huɗun nan, da kalmominta, tun kafin su fara zame miki. Sannan ki kira shi gida, ba shago ba, ku biyu kawai. Ki fara da laifinki, ki karanta masa, ki bar shi ya yi kukansa. Maganar ƙaryarsa ki ajiye ta zuwa wata rana, tana nan, za ku yi ta, kuma ba dole ne ki huce a zama ɗaya ba.

Kunne biyu ne kawai suka rage a duniya da suka ji Inna ta ce ta yafe wa ɗanta, kuma naki ne. Ke ma ba ki da tabbacin gobe. Kada ki kai mako.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya haɗa kanku.