Abin da Aka Rubuta a Gefen Katin Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki? Yaya Ikko, yaya Anti Binta da yara? Mu nan Fagge lafiya lau, sai kewarku.

Tun da arzikin man fetur ya zo, asibitinmu na Sabon Gari ya samu sababbin katuna. An sa ni bin tsofaffin, in duba bayanan da malaman asibiti suka rubuta a gefe: mai amfani in kwafe, sauran a ƙone.

Ranar Talata sai ga katin marigayiya Inna a hannuna. A ƙarƙashin "ciwon suga" wani ya rubuta da fensir: "Ba ta yarda da allura sai ɗanta Sani ya riƙe mata hannu." Wallahi sai na gan ku a bencin nan na ɗakin allura, tana kau da kai, kana tsokanarta.

Likita ya ce wannan ba bayanin magani ba ne. Ban yi musu ba, na dai roƙe shi katin. Yana cikin akwatina, yana jiran hannunka.

Ka sa Inna a addu'a, mu ma kada ka manta da mu. A gaida mutan gida.

Ƙanwarka,
Hadiza