Allurar da Yaya Ya Hana

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da kewa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu da duk mutanen gidan. Yaya gwiwar nan taki? Allah Ya sauƙaƙa miki ita, Ya ƙara miki nisan kwana, Ya nuna mana ranar da za mu sake zama ɗaki ɗaya kamar da. Mu nan lafiya, sai godiya. Hawan jinin Umma ya sauka tun da ta yarda ta rage gishiri, ko da yake ina zargin tana ƙarawa idan na juya baya. Baba yana zuwa shago kullum. Ni kuma na fara shekarar horo a ɗakin haɗa magunguna na asibiti, kuma har yanzu sau biyu nake auna komai, har shugabarmu ta ce wata rana zan auna ruwan shayina.

Kin riga kin ji cewa Anti, matar Yaya, ta haihu tun lokaci bai yi ba, an sami mace, tana cikin kwalbar ɗumama jarirai a asibitin da nake aiki. Anti tana samun ƙarfi, har ta fara takawa zuwa ɗakin jarirai da kanta. Abin da ba ki ji ba shi ne abin da ya biyo bayan wayar da kuka yi da Yaya. Jiya da safe aka dawo mana da tire daga ɗakin jarirai da ke sama, da ɗan ƙaramin sirinji a kai, cike yadda muka haɗa shi. Da na duba sai na ga na 'yarmu ne. Na hau da sauri, Sistar da ke kula da ɗakin ta kwantar mini da hankali, ta ce yarinya tana nan, mahaifinta ne ya ce a dakata da maganin. Na sami Yaya a kan benci a baranda. Ya ce kin gaya masa yaron da ba ya ciwo ba a ɗura masa magani, ga Auta nan, wato ni, bakwaini ce, ko ɗigo ba a ba ta ba, ta rayu har tana hana mutane cin gishiri. Ya ce shi kuma bai taɓa tsallake maganarki ba, ba zai fara a kan 'yarsa ba. Na so in kira ki nan take, amma kin san ni, da na ji muryarki sai bakina ya mutu. Shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in tura wa Kawu ya karanta miki yau.

Gwaggo, babu labarin da nake so a duniya kamar na haihuwata. Da shi na tashi. Ina tuna ɗakinki na baya a tsohon gidanmu, da keken ɗinkin nan mai ƙara, da shuɗin labulen da rana ta cinye gefensa, ina kwance a cinyarki kina tsefe mini kai kina ba ni shi. Yadda aka sallamo Umma da ni saboda babu wurin ajiye ni, yadda kika shimfiɗa auduga a kwalin takalmin Baba kika kwantar da ni, kika jera kwalaben ruwan ɗumi naɗe da tawul a gefe, kina ɗiga mini nonon Umma da ƙaramin cokali. Kullum idan kin zo wurin kwalin sai Yaya ya ce ai shi ya ɗauko shi daga ƙarƙashin gado, ke kuma ki ce ya yi mana shiru, ɗaukowa kawai ya yi. Har yau idan na ji butar ruwa tana tafasa, ɗakin nan nake gani.

Sai dai mun daɗe muna auna kowane jariri da wannan kwalin, kuma a nan ne muka yi kuskure. Na zauna da Umma muka yi lissafi a hankali. An haife ni wajen mako na talatin da uku, nauyina ya kusa kilo biyu, kuma kin san ƙafar Baba, kwalin takalminsa ya isa a yi ƙaura da shi. Ita wannan a mako na ashirin da biyar ta zo, nauyinta giram ɗari bakwai. Fatarta ana ganin jijiyoyi ta cikinta, ba ta iya tsotso ba, yawancin abincinta ta wani siririn tiyo yake shiga jijiya. Ni ƙarama ce kawai da ke bukatar ɗumi da nono. Ita jikinta bai gama haɗa abin da zai kare kansa da shi ba.

Ki yi haƙuri in tuna miki wani ɓangare na labarin, wanda kika fi jin daɗin faɗa. Kin ce kin ajiye roba da sabulu a bakin ƙofa, duk mai shiga sai ya wanke hannu har gwiwar hannu kina tsaye a kansa. Kin tafasa kowane tsumma. Kin kori aminin Baba saboda ya yi tari sau ɗaya a tsakar gida, mutumin ya yi shekara yana gaishe ki sama-sama. Baba kansa ta taga yake leƙa ni. A lokacin ba ni da ciwon komai, Gwaggo. Ba ki jira na kamu ba. Abin da likitocin nan suke ƙoƙarin yi ke nan, sai dai ita ƙofar da cuta za ta bi ta shige ta tana cikin jijiya, roba da sabulu ba su isa su tsare ta su kaɗai ba.

Bari in faɗa miki komai yadda yake, mai daɗi da mara daɗi. Magunguna biyu ne. Na farko, indometasin, an riga an gama shi tun farkon haihuwarta, da yardar Yaya da Anti. Ana ba da shi don rage haɗarin zubar jini mai tsanani a ƙwaƙwalwa, yana kuma taimaka wa wata jijiya kusa da zuciya ta rufe. Illarsa ita ce yana rage jinin da ke zuwa ƙoda da hanji. Fitsarinta ya ragu na ɗan lokaci, na kasa cin abinci sai da ya dawo daidai. Hoton kanta da aka ɗauka bai nuna jini ba, alhamdu lillahi. Amma binciken da na karanta bai nuna cewa yaran da aka ba wa sun fi sauran lafiya bayan sun girma ba, shi ya sa wasu asibitoci ba sa ba da shi. A nan tsoronki yana da tushe. Akwai ma wani magani na kare huhu da Likita, wadda ke duba yarinyar, ta ƙi haɗa mata da shi, ta ce idan suka haɗu hanji yana iya hujewa. Ba kowane magani suke ɗura mata ba.

Na biyu, fulkonazol, shi ne wanda aka dawo da shi. Ɗan kaɗan ne, sau biyu a mako, muddin tiyon nan yana jikinta. Yana kare ta daga wata ƙwayar cuta dangin funfuna, wadda kan bi tiyo ta shiga jini, daga nan ta kai ƙoda ko ido ko ƙwaƙwalwa. A jariri mai wannan nauyi, kafin a gane ta shiga sau da yawa ta riga ta yi ɓarna. Bincike ya nuna maganin yana rage kamuwa da ita sosai. Yana iya taɓa hanta, shi ya sa ake gwada jininta, kuma yawanci hantar tana komawa daidai idan an daina. Ana kuma tsoron yawan amfani da shi ya sa ƙwayar ta daina jin magani. Ba zan ce miki idan an ba ta za ta rayu ba, wannan na Allah ne, kuma binciken ma bai tabbatar da haka ba. Likita ta ce a ɗakinsu suna ganin wannan cuta, don haka a ganinta barin maganin ya fi ba da shi haɗari. Na karanta, na sake karantawa, ni ma haka na gani.

Anti tana so a ci gaba. Ta gaya mini tana kuka cewa ba ta son ta zama sanadin saɓani tsakanin Yaya da ke, don haka ta yi shiru. Likita ta ce allura ɗaya da ta wuce ba ta ɓata komai ba tukuna, amma ta gaba jibi ce, kuma ba ta so ita ma ta wuce. Ban roƙe ki ki ce masa a ba ta ba, Gwaggo. Roƙona ki gaya masa cewa da ni kika auna maganarki, ba da 'yarsa ba, ki sake shi ya zauna da matarsa da Likita su yanke. Daga bakina ya ji, ya ce karatu ne ke ɗibata. Daga bakinki kawai zai ji.

Ki gaishe mini da Kawu, na gode masa da karatun wannan doguwar takarda. Ki gaida Anti Malama, da 'yan biyu, da Dogo idan ya leƙo. Umma da Baba suna gaishe ki, Anti ta ce ki sa su a addu'a. Yaya yana asibiti daga safe har yamma. Idan kin kira bai ɗauka da wuri ba, kada ki zaci fushi yake yi, ba a shiga da waya wurin jarirai, sai Sista ta leƙa ta gaya masa ya cire rigar asibiti ya fito. Ki daure ki sake kira.

Wassalam.

'Yarki mai kewarki,
Auta