Kafin Ruwa Ya Sake Rufe Inna

Almeriya, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Addi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Rƙiya da yara, da fatan sanyin bana bai taɓa ƙirjin kowa ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare dabbobi, ya sa wa tuffa albarka. Ni ma lafiya lau, sai gwiwoyi da suka fara ƙin durƙuso a rumfunan tumatir. Likita ya ce in huta, na ce masa ya je ya gaya wa tumatir. Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a aljihun kowa. Sau uku ina ɗauko lambarka ina ajiyewa. Na san kaina. In na ji ka kira ni Dadda, yadda ƙane ke kiran yayansa a wajenmu, da muryar nan taka, zan tambaye ka lafiyar alfadari in kashe waya ban faɗi komai ba.

Bassu, maƙwabcinmu na tsohon gari da muke ɗaki ɗaya a nan, ya dawo daga gida makon jiya. Ya ce shekara uku ke nan dutse yana kai tsakiyar hunturu baƙi wuluk, babu dusar ƙanƙara ko ta rufe idon sawu, ruwan dam ya yi ta ja da baya har Tasgint, tsohon garin namu da ya nutsar, ta fito. Wai ga katangu, ga matakalar masallaci, mutane na sauka ranar Juma'a da butar shayi kowa yana neman ɗakinsu. Ya ce ya zauna a ɗakin kakarsa, kuma kifaye sun fi tsohuwar iya shara. Muka yi dariya. Sai ya yi ta juya kofi, har na ce masa ya faɗi abin da ya haɗiye kada ya shaƙe shi. Ya ce ya gangara maƙabarta. Duk ramuka ne a buɗe, cike da taɓo, kamar yadda aka bar su da aka kwashe mamata zuwa tudu. Kabari ɗaya ne a rufe, a layinmu, da rabin dutsen niƙa a wajen kai.

Addi, ni na kafa dutsen nan da hannuna a kabarin Inna. Kai ka riƙe mini shi ina cusa ƙasa. Ban ma tambayi Bassu ko ya tabbata ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka rufe ƙofar dam. Lokacin ina nan ƙetaren teku, ba ni da takardun da zan fita in dawo, na kira ka ina kuka kamar yaro, ka ce in kwantar da hankalina, Inna ce farkon wadda za ka ɗauka. Bayan wata guda ka ce an gama, ka sa ta kusa da Baba, wanda dama a tudu aka binne shi, fuskarta na alƙibla, liman ya yi addu'a. Da na samu zuwa, na tambaye ka ina dutsen niƙan, ka ce ya yi wa alfadari nauyi a hawan. Na yarda, har na ce ka kyauta da ba ka wahalar da dabba ba. Sau biyar na zo gida tun daga nan, kuma kowane zuwa kai kake raka ni tudu, ka tsaya a damana, ka ɗaga hannu tare da ni, ka miƙo mini ruwa in yayyafa. Ƙanwarmu Tuda kuwa kowace Juma'a tana can, tana gaya wa Inna wanda ya haihu da wanda ya yi aure. Me ke ƙarƙashin ƙasar nan da muke yi wa magana?

Ba na so in zalunce ka, don haka na zauna na tuna yadda shekarar take. Kwana arba'in hukuma ta ba ku ku tashi ku kwashe mamatanku, a tsakiyar sanyi, kamar waɗanda suka yanke ranar ba su taɓa dukan ƙasarmu da diga a watan nan ba. Na san ba a haƙa kabari a irin wannan lokaci sai an hura wuta a kansa wuni da kwana ƙasa ta saki. Na san hanya ta toshe, itace ya yi wuya, kuna ɗaki ɗaya mara ƙofa a sabon gari, Rƙiya da jaririya 'yar kwana tara. Na haɗa su duka, na ga abin da ka gani: tulin itace ɗaya, ko a ƙona wa wadda ta riga ta tafi, ko a ƙona wa wadda ta zo. Jaririyar nan ita ce Itto, mai sunan Inna, wadda yanzu take karanta maka takardu. Da Inna aka tambaya, da ta zage ka in ka taɓa itacen nan saboda ita. Ni kuma da nake wannan magana, ina nan cikin ɗumi a lokacin, ban ɗauki ko diga ba. Da ka ce mini, Dadda, na kasa, wallahi da na sumbaci kanka. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne da ka tara ƙasa a tudu, ka jera duwatsu, ka gyara su da kyau yadda ba zan gane ba. Wannan ba sanyi ya sa ka ba. Kuma ruwa ya janye tun kaka, duk gari ya je ya gani, kowa ya san dutsen, kai ka kira ni ranar Maulidi kana ba ni labarin farashin tuffa.

Dam ɗin nan ban taɓa son sa ba, ka sani. Ya cinye gonakin sha'ir na Baba, rabin ruwansa kuma yana wuce mu zuwa manyan gonakin kwari. Amma ba zan yi masa ƙarya ba, da shi tuffarku ta rayu a shekarun nan na fari, kuma shi da ya ɓoye Inna shi ya dawo mana da ita. Sai dai ba zai jira mu ba. Bassu ya ce ana gobe zai taso dusar ƙanƙara ta sauko irin wadda aka manta da ita, har ta rufe mashigar dutse. Kowa na murna, ni ma na yi hamdala. Amma ni da kai mun san abin da zai biyo baya: in iska mai ɗumi ta kaɗa a ƙarshen Maris, duk abin da ke kan dutse zai narke ya gangaro dam, kuma ya ce tsakanin bakin ruwa da maƙabarta bai fi taku arba'in ba.

Saboda haka zan taso ranar ashirin ga wata. Mai gona ya ce in na tafi ana tsakiyar tsinkar tumatir kada in sa ran samun wurina. Na ce na ji. A shekaruna ba kowa zai ɗauke ni ba, amma wannan damuwata ce. Kai ga naka: ka tara itace mai yawa, ka nemo diga biyu da sabon likkafani, ka je wurin liman ka gaya masa gaskiya da bakinka. Tuda ma kai za ka gaya wa, kafin in iso. Ba zan ɗauke maka wannan ba, kuma kada ka bari ta ji a bakin matan rijiya, in ba ta riga ta ji ta yi maka shiru ba.

Ka gaishe mini da Rƙiya, ba ni da komai a raina game da ita. Ka gaida Itto da Zayd, da Tuda da mijinta Haddu, da Gwaggo Hadda in tana gane mutane. Kada ka zo tarye na a tasha, kuma kada a yanka komai. Ka hura wutar tun ranar da na sauka daga jirgin ruwa, in same ka a can ƙasa, a wurinta.

Yayanka,
Ishu