Cikin da Na Ɓoye

Kwaya, daren Talata, watan Safar.

Yau gardi, dogarin gwamnati, ya zo tara dawakin rakiyar kumandan zuwa Damagaram, ya nuna goɗiyata. Na ce masa ciki gare ta. Duk sanda na kai ta gaban ingarma sai ta harbe shi, kuma wadda ta ɗauka ce ke yin haka.

Ya shafa cikinta ya ce, "Baba, wannan harawa ce."

Ya tambayi maƙwabta, kowa ya ce ba ta ɗauka ba. Ba su yi ƙarya ba. Ni na gaya musu haka, don tsoron bakin mutane.

Da asuba za su tafi, ga nisa, ga rairayi. Na zuba mata dusa, na tsaya ina kallo tana ci, ita da ɗan da ba shi da shaida sai ni.