Wai Akwai Mai Tangaɗi a Gidanmu?

Haɗejia,
Laraba, ƙarfe biyar saura kwata na yamma.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina zaune a zaurenka, na jingina da bango, don a zaune ba abin da ke damuna. An yi ruwa da safe, kogi ya cika har ya shafe turken da kake ɗaure kwalekwalen fito. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ni za ka miƙa wa in karanta maka, ka ce in bar sauri. Amma likita ya yi mini tambayar da kai kaɗai ke da amsarta, kuma ka san halina, ba na iya barin tambaya a buɗe.

Labarin gida tukuna. Inna lafiya ƙalau. Gero ya yi kyau a tudu, shinkafar fadama kuwa ruwa ya ci rabinta, ko abin da ya ɗan gaza rabi. Na gama jami'a, an ɗauke ni aiki a ofishin gona. Kuma ina son Hajara, 'yar Malam Buba tela. A nan damuwar take.

Tun bazara nake tangaɗi, Baba. Ba faɗuwa nake yi ba, ina so a bambance. In na miƙe tafiya sai ƙafafuna su riƙa ja na hagu, a hankali, ba da shawarata ba. Gwamnati ta mayar da motoci hannun dama, duk ƙasa ta bi, ni kaɗai na ƙi. Na je nuna wa manoma yadda ake zuba takin zamani, na fara a kunya ɗaya na ƙare a gonar maƙwabci. A kasuwa na taka ƙwaryar wata mai nono, ta tambaye ni da ƙarfi ko a makarantar ne aka koya mana tafiyar kaguwa.

Gari ya riga likita gano ciwon: wai giya na koyo a jami'a. Wallahi Baba ban taɓa ko shinshina ta ba. Amma Baffa Sale, ƙaninka, ya ce shi ba zai ɗauki goro ya je nema wa mai layi aure ba, sai likita ya faɗi sunan ciwon, sunan kuma ya zama wanda za a iya faɗa a gaban surukai. Malam Buba ya ba mu zuwa kaka. An ce akwai wani ɗan mai shago da ke jira, yana tafiya sambal kamar zare.

A asibitin nan an auna jinina da fitsarina, aka ba ni maganin zazzaɓi. Da na ce ba na zazzaɓi, aka ƙara mini na tsutsar ciki. Daga baya suka tura ni Kano. Na hau jirgin ƙasa a Malam Madori, a nan na lura da wani abu: jirgi na gudu, kowa na layi yana kama kujeru, ni kuwa na ratsa tarago daga farko har ƙarshe ban taɓa kowa ba. Haka ma a kwalekwale. Ashe abin da yake tsaye cik ne ba ma shiri da shi.

Likitan Kano Ba'indiye ne, mai haƙuri. Ya sa na haɗe ƙafafu na rufe ido, na taɓa hancina da yatsa, na bi layin siminti. Ya tsiyaya mini ruwan ɗumi a kunne har ɗakin ya juya, na gode masa don aƙalla wannan na san dalilinsa. Ya tambaye ni me nake ji. Na yi masa bayani cewa a wurinmu akwai jiri, akwai juwa, akwai hajijiya, kuma nawa bai cika zama ko ɗaya ba. Ya dafe kai. Shi ma ya tambaye ni ko ina sha, ya sake tambaya bayan ma'aikaciyar jinya ta fita. A ƙarshe ya ce bai ga ƙari a ƙwaƙwalwa ba, bai ga ciwon kunne ba, amma akwai irin wannan da ake gado. Wai akwai mai tangaɗi a gidanmu? Na ce ban sani ba, zan bincika.

Baba, ka taɓa gwada tambayar mutanen garin nan yadda mamaci yake tafiya?

Na fara da Inna. Ka san ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, naka ma ba ta kamawa. Ta juya wajen tukunya ta ce a gaya wa mai tambaya cewa mai gidan nan bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Na ce ba haƙƙi na tambaya ba, ƙafa na tambaya. Ta ce wa tukunya miya ta yi gishiri. Goggo Dije, 'yar'uwarka, ta fashe da kuka. Liman ya ce kullum kana sahun farko. Na ce ta yaya kake isa sahun, ya ce da izinin Allah. Abokanka na bakin kogi suka ce mutumin kirki, suka yi maka fatiha, na shafa. Na yi musu bayani cewa karkata ba aibi ba ce, bayani ne kawai likita ke so. Sai suka ƙara yarda na sha wani abu.

Da kowa ya ƙi, sai na koma ga abin da na gani da idona. Gorar tuƙinka, me ya sa kake shiga gari da ita? Mai fito na buƙatar gora a kan tudu? Sannan hannunka. Tun da kafaɗata ta kai, kullum kana dafa ta daga gida zuwa masallacin Juma'a, da nauyi kuwa. Uba ba ya yi wa ɗan fari haka, yara har tsokana ta suke yi. Ina sunkuyar da kai kamar ina jin kunya. Ban taɓa gaya maka ba, amma duk mako wannan tafiyar nake jira.

Jiya na kai wa Baffa tambayar. Ya taso mini, wai yanzu rashin kunyar bokona ta kai kabari. Can sai ya tambaye ni wane ɓangare nake karkata. Na ce hagu. Ya ce jibi Juma'a zai kai goro. Bai ce don me ba. Da aka kira Magariba ya ce in taso, ya ɗora hannunsa a kafaɗata. Baba, mu biyu muka yi ta zamewa hagu har muka goge bangon gidan Alhaji Musa.

Ga abin da har yanzu ban sani ba.

Sunan ciwon.

Abin da Baffa zai gaya wa Malam Buba.

Ko Baffa ya dafa ni ne don ya tallafe ni, ko don in tallafe shi, ko don ya ji warin bakina.

Ko in gaya wa Hajara cewa 'ya'yanta za su iya yin hagu.

Ko hannun nan naka ƙauna ce, ko jiri. Likita zai so ya zama jiri. Ni ban yanke ba, kuma in duka biyun ne, ban ƙi ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa kana inda ƙasa ba ta motsi.

Ɗanka,
Haruna