Ɗigon Jan Farce

Majidaɗi, Jalingo
3 ga Mayu

Zuwa ga matata Najiba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Tarin Ummi ya lafa? Ni lafiya lau, sai gajiya da zafin garin nan da ko ruwan sama ba ya karya shi. Na ba Job direba wannan takarda tare da doyar Zing guda shida. Na san za ki ce ga waya. A waya Inna tana gefenki, ni kuma makanikai suna tsaye a kaina, ban da "lafiya lau" ba abin da ke fitowa.

Kin ce har yau in maƙwabta sun tambayi sana'ata sai ki ce gyaran kwamfuta. Bari in faɗa miki sau ɗaya. Motocin yanzu suna da ƙwaƙwalwa. Akwai wata waya da ake soka kanta ƙarƙashin sitiyari, ɗaya kan a laftof, sai motar ta faɗi inda ke mata ciwo. Ta ainihin ta fi ƙarfin makanikan nan, kowa kwafi yake riƙewa. Ita kuwa kwafin, ranar da mai ita ya manta ya bar laftof a kan intanet yana kallon ƙwallo, sai manhajar kamfanin ta sabunta kanta, ta gane wannan ba tata ba ce, ta kashe ta. Nan ake nemana. In kwance kan wayar, in liƙa siraran wayoyi shida da dalma a ƙafafun ɗan ayisin da ke ciki, wanda shi ne hankalinta, in kwashe abin da ya rage in adana, in goge, in rubuta sabo. Filashin ke nan. Ba kowace ke tashi ba. Akwai masu ayisin bogi da aka kankare lambarsa, ko wuni na yi a kansu ba sa karɓar rubutu, sai in gaya wa mai ita gaskiya ya jefar.

Wadda ta tashi, na kuma gwada ta a mota, sai in ɗiga mata jan farcenki a bayan murfi, wancan mai duhu kamar zoɓo da kika manta a jakata. Da farko don in gane aikina ne kawai. Yanzu daga unguwar Abbare har Sarkin Dawaki, makaniki ba ya sayen waya sai ya juya ta ya ga ɗigon.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Baba Manga, shugaban ƙungiyar makanikai, ya ce shagon bakin ƙofar gareji zai zama nawa bayan taron wata mai zuwa. Shekara uku ke nan ina raɓe a kusurwar bencin Andrawus mai gyaran wutar mota, mutumin da ya matsa mini wuri ranar da ban san kowa ba a garin nan. Matarsa Lois duk Lahadi sai ta aiko mini da tuwo, tare da saƙon cewa naman yankan Musulmi ne, in ci hankalina kwance. Mutanen kirki ne, amma na gaji da zaman raɓe. In shagon ya samu na san na zauna, sai in kama ciki da falo ku taho. Ki fara haɗa kaya a hankali.

Kwalbar ta kusa ƙarewa. Ki ba Job wata irinta sak.

Ki gaida Inna, ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Mahadi

28 ga Mayu

Najiba,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan gida lafiya. Kwalbar da yajin sun iso, Allah Ya yi miki albarka. Wannan takarda taki ce ke kaɗai, kada ki karanta wa Inna.

Wayoyi masu ɗigo sun fara mutuwa, uku a mako ɗaya. Na ɗauka sakacin intanet ne irin na kullum. Sai ranar Talata Simeon, wani makaniki a Abbare, yana tsakiyar haɗa sabon makulli da ƙwaƙwalwar motar wata malamar asibiti, Madam Miriam, wayar ta yanke. Rubutu ya tsaya rabi, mota ta ƙi tashi. Ya zo har benci ya jefo mini wayar a gaban mutane, ya ce, "Ga jan naka, Bazazzagi. Je ka gaya wa Madam da me za ta je aiki." Wuni biyu na yi a cikin motar nan kafin ta tashi. Bai gode ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Da na buɗe wayar, ayisin kankararre ne, babu ko alamar dalmata a ƙafafunsa. Hannuna bai taɓa shiga cikinta ba. Ɗigon kuma ja ne mai haske kamar tumatir. Makaniki da baƙin mai a ido ba zai bambance ba, amma ni da nake ɗiga naki kullum ko daga nesa na gane.

Na tambayi Simeon inda ya saya. Ya ce a bencinmu, ranar Juma'a ina masallaci.  Ranar Lahadi Lois ta kawo tuwon da kanta, ta miƙo kwanon da hannu biyu tana cewa "Ɗan'uwa, ka rame," sai idona ya sauka a kan farcenta, ja mai haske kamar tumatir. Najiba, na ci tuwon nan, ban san ta inda ya wuce ba. Na tabbata ita ba ta san me ake yi da kwalbarta ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Sau uku Andrawus yana roƙona in koya masa filashin. "Malam, nuna mini abin nan mana, ba zan cinye kasuwarka ba." Duk lokacin sai in juya fuskar laftof wajen bango in ce sai an sami sarari. A kan bencinsa fa, da wutar janaretansa. Tun da motoci suka koma kwamfuta, aikinsa na ƙwan gwaji da tsinken waya ya ja baya. Masu mota sukan wuce shi su zo kusurwata, su ɗaga masa hannu kamar mai gadi. Ina gani, na yi kamar ban gani ba. Ban rubuta wannan don in wanke shi ba. Ya sayar da sunana ina sujada.

Baba Manga ya ce a kawo maganar taro. In na buɗe wayoyi biyu a gabansu, tawa da ta bogin, na fita daga zargi. Amma za su tambaye ni wane ne ya yi, kuma har yanzu a bencinsa nake zaune.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa.

Naki,
Mahadi

16 ga Yuni

Matata Najiba,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce Ummi ta koma makaranta. Ni ma ina nan da rai.

An yi taron a gindin mangwaron gareji. Na buɗe wayoyin biyu, na nuna musu dalmata a ɗaya, na nuna kankararren ayisi a ɗaya, na jera murafun biyu a rana. Simeon ya ce ashe nan gaba sai mutum ya zo da matarsa kafin ya sayi waya, aka yi dariya. Baba Manga ya tambaye ni wane ne ya yi.  

Andrawus ya miƙe da kansa. Ya ce, "Ni ne. Lokacin da na sayar tana aiki, ban san ciki daban ba ne. Ya nuna mini ne da zan sani? Kuma ku juya wayar ku karanta sunan da ke jikinta. Na Mahadi ne? Na Bature ne. Shi ya ɗauki na Bature, ni na ɗauki nasa."

Ba wanda ya yi dariya. Na ce nawa yana aiki, nasa ya kashe mota, kuma gaskiya ce. Amma tasa maganar ma ba ƙarya ba ce, kuma ita ce ta biyo ni har ɗaki.

An sa shi ya karɓo duk wayoyin da ya sayar, ya je ya ba Madam Miriam haƙuri. Shagon kuwa, Baba Manga ya ce aikina ba shi da aibi, amma bakin ƙofa ba ya son mutumin da ake hayaniya a kansa. An ba Paul mai faci, ɗan ƙanwarsa. Na sami gaskiya, an ce mini sannu, kowa ya koma ƙarƙashin motarsa.

Ɗigon ma ya mutu. A gaban mutum arba'in na faɗi cewa jan farce ne mai launin zoɓo, kuma kowane kanti yana da shi. Shekaranjiya a Sarkin Dawaki na ga waya da ɗigo mai duhu, irin naki sak, wadda ban taɓa riƙewa ba. Da bakina na koya musu.

Na kwashe kayana na dawo ɗaki, a kan tabarma nake aiki yanzu. Ranar Alhamis Andrawus ya zo da leda, wayoyi goma sha ɗaya da ya karɓo. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai tafi ba. Na daɗe ina kallonsa kafin na matsa masa. Na ba shi gilashin ƙara girma na nuna masa inda ake karanta lambar ayisi. Huɗu za su tashi, bakwai shara ne. Sannan na juyo fuskar laftof wajensa. Liƙin dalmarsa ya fi nawa tsabta, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Kada ki ɗauka na yafe. Ban yafe ba. Na dai lissafa shekara uku a kusurwar nan na ga abin da ya kamata in yi tun ranar farko.

Lahadi biyu ke nan ba tuwo. An ce Lois ta goge farcenta, ba ta ko bi ta hanyar gareji.

Ki kwance kayan da kika ɗaure, Najiba. Kada ki ba yara wata rana, na gaji da sa musu rana. Kwalbar da kika aiko ban buɗe ba, tana cikin ledar nan tare da takardar. Ki shafa abinki.

Ki gaida Inna, ki ce mata aiki yana tafiya.

Mijinki mai kewarki,
Mahadi