'Yan Sa Ido a Manchok

Asabar, 8 ga Disamba, 1990

Zaɓen kansila. Sabon tsarin soja: ba akwati, ba takarda, kowa ya yi layi a bayan hoton wanda yake so, a ƙirga mu kamar awaki. Na tsaya a bayan hoton Yuguda. Bafulatani ne, Musulmi, na sani. Amma shi ya ɓoye Azariya a shagonsa lokacin rikicin Kafanchan, ya dawo mini da miji da ransa, ko da yake ciwo ya zo ya ɗauke shi daga baya. Ni kaɗai ce 'yar coci a layin. Yaya Nicholas yana ɗaya layin. Ya dube ni, ya kau da kai.

Yugudan ma ya faɗi.

Lahadi, 9 ga Disamba

A sujada benci guda ni kaɗai. Ashe haka yake da tsawo.

Talata, 25 ga Disamba

Na aika shinkafar Kirsimeti gidan Yaya. Matarsa Hellen ta dawo da kwanon da kanta, ko buɗe shi ba a yi ba. Ta ce in yi haƙuri, wai na tsinka dangi a idon duniya. Yaya kaɗai ya rage mini, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ci abin da zan iya, sauran na zuba wa kaji.

Alhamis, 14 ga Maris, 1991

Ba wanda ya zage ni. Da ma zagin ne, ai da na rama. Zumuntar mata sun tafi biki Madakiya, a bakin yaran da nake koyarwa na ji. Kaɗaici ya ishe ni.

Asabar, 14 ga Disamba

Zaɓen gwamna. Na ce zazzaɓi nake yi, na ja ƙofa. Wannan ma an lura.

Litinin, 7 ga Yuni, 1993

Na daɗe ban rubuta ba, babu abin rubutawar. An sake doka, wai zaɓen shugaban ƙasa dangwala yatsa za a yi a ɓoye. Sai yanzu! Rediyo kuma ta ce 'yan sa ido za su zo daga ƙasashen waje su ga ko sabon tsarin ya ba kowa 'yancinsa. Na yi dariya har na ƙware. A ɗauko mana 'yan sa ido a jirgin sama, mu da muke da su har bakin rijiya? Da sun tambaye ni, da na ba su aron na unguwarmu.

Asabar, 12 ga Yuni

Sun zo. Wata tsohuwar Baturiya ce, rana ta dafa mata hanci jawur, Malam Wilfred na makarantarmu yana yi mata tafinta. Ta tare ni bayan na jefa ƙuri'a.

Wilfred ya ce, "Malama Regina, wannan mata ya ce, akwai wanda ya tilasta ki?"

Na ce babu. Ta ji daɗi, ta riƙe hannuna da hannu biyu. Na manta rabon da a riƙe mini hannu. Saura kaɗan in yi kuka a gaban baƙuwa.

Ba ƙarya na yi mata ba. Ba kowa a lungun dangwala yatsa sai ni da takarda.

Laraba, 23 ga Yuni

An soke zaɓen. Baturiya ta yi wahalar banza.

Lahadi, 27 ga Yuni

Na je gidan Yaya bayan sujada, ba da niyya ba, ƙafa ce ta kai ni. Yana gyaran kekensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, har ya tambayi aiki. Sai bakina ya suɓuce, na ce masa wannan karon inda yake so na dangwala. Haka ne kuwa. Ban rubuta ranar ba, ban san dalili ba. Ba don shi na yi ba, ina ji. Yatsa ne ya tafi can.

Ya daɗe yana juya taya, sannan ya ce, "Wa ya gani, Regina?"

Ba da faɗa ya faɗa ba. Hellen ta rako ni har bakin hanya, ta koma da sauri.

Na tsani layin nan, Allah ya sani. Amma da layi aka yi ranar, da ya waiwayo ya gan ni a bayansa.